Ranar da Aka Hana Baffa Ƙaho

Ummulkhairi ba ta san ta miƙe ba sai da ta ga hannunta riƙe da wuyan hannun wanzamin.

Askar ta tsaya a iska, tsakaninta da ƙeyar Alhaji Atiku bai fi faɗin yatsu biyu ba. Ƙahonni uku na jere a kan tabarma kusa da zabira. Tsohon yana zaune ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya tuɓe riga, ya sunkuyar da kai yana jiran tsagar farko, kamar yadda ya saba kowace bazara tun kafin a haife ta.

"Kada ka tsaga shi, Baba Bawa," ta ce. "Don Allah... jinin ba zai tsaya ba."



Alhaji Atiku shi ne mahaifin Zayyanu, saurayin da za ta aura nan da mako biyar. Baffa ake ce masa a gidan. Ta zo ne daga Kalgo rakiyar goggonta Maimuna, don a gaida tsohon da jiki. Tun daga tasha har suka shigo Gwandu Goggo ke yi mata bita: ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja mayafi, kada ta ɗaga ido, in an tambaye ta wani abu Goggo ce za ta amsa. A irin wannan gida, matar ɗa kan shekara goma surukinta bai san kalar muryarta ba, kuma a yaba mata a kan haka. Ummulkhairi ta riƙe darasin nan tsaf har tsawon minti shida.

Hajiya Kubura, mahaifiyar Zayyanu, ta ajiye mafici a cinyarta.

"Maimuna," ta ce, ba tare da ta kalli yarinyar ba, "wagga ɗiya taku, lafiyarta ƙalau?"

Goggo ta sunkuyar da kai.

Abin da Ummulkhairi ta sani, ta san shi ne ta tagar ba da magani a asibitin da take aiki a Kalgo. Wata bakwai da suka wuce an kawo Alhaji ɓarin jikinsa ya yi nauyi. Likita ya gano zuciyarsa ba ta bugawa bisa tsari, jini yana kwanciya a wani lungu nata har ya yi guda, gudan ya taso ya toshe wata ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Allah ya sa ya warware. Aka ɗora shi a kan wani maganin tsinka jini mai suna wafarin, ƙwaya ɗaya kowace yamma, da gwajin jini duk wata. Zayyanu ne ke zuwa karɓa. Malamin gona ne, mai kaifin kai, ya haddace umarnin tun zuwan farko, amma sai ya ci gaba da mantawa sau uku a wata, har ranar da ta ce masa in yana da wata tambayar daban ya yi ta, mutane na jira a layi.

Yanzu yana tsaye a bakin zaure, yana nazarin takalminsa.

Hajiya ta ce ita ma ai maganin tsinka jini take sha kullum, asfirin ƙarami, kuma bara an yi mata ƙaho a kafaɗa, ga ta zaune. Ummulkhairi ta ga tunda tukunyar ta riga ta fashe, gara ta ƙarasa maganarta. Ta saki hannun Bawa, ta koma ta durƙusa, ta yi bayani idonta a ƙasa. Ta ce magungunan biyu ba hanya ɗaya suke bi ba. Na Hajiya yana hana wasu ƙananan ƙwayoyin jini manne wa juna ne, kuma ko da shi ɗin ma Allah ne ya kiyaye. Na Baffa kuwa hanta yake hanawa haɗa sinadaran da ke saƙa zaren da yake ɗaure jini in an ji ciwo. Tsaga ashirin a ƙeyar mai shan sa, sai a wuni ana danna tsumma.

Bawa wanzami dattijo ne, daga Dodoru yake zuwa, kuma ya fi son sunansa a kan ladan aski ɗaya. Ya ce ya taɓa ganin jinin da ya ƙi tsayawa, ba ya fatan sake gani. Ya goge askarsa, ya mayar da ƙahonni cikin zabira, ya yi sallama.

Alhaji ya miƙa hannu ya ɗauki rigarsa. Bai ce kome ba. Kowa ya fahimci shirun yadda ya ga dama.

*

Kwana biyu bayan nan saƙo ya iso Kalgo cewa a ɗan dakata da batun kai lefe, za a yi shawara. A wajen manya, shawara ita ce ɗakin da ake shigar da aure a rufe shi har ya daina motsi.

Mahaifinta ya yi mata faɗa, ya ce da ta raɗa wa goggonta a kunne. Goggo ta ce da an raɗa mata, kafin ta gama neman kalmar da ta dace an yi tsaga biyar, amma duk da haka ita ba ta yafe kunyar da aka ba ta ba. Ummulkhairi ta ci gaba da zuwa aiki, tana zuba ƙwayoyi a leda tana rubuta safe da yamma, tana juya wayarta kife don kada ta ga ba a kira ba.

A Gwandu kuwa akwai Mufida, ɗiyar ƙanen Hajiya, wadda ta zo daga Malisa jinyar Alhaji ta kuma manta hanyar komawa. Ta taɓa yin wata huɗu a makarantar koyon aikin lafiya kafin ta gano ba ta son warin asibiti, kuma wata huɗun nan sun ishe ta zama likitar dangi. Tun suna yara ake tsokanar ta da Zayyanu. Kowa ya daina wasan, ban da ita.

Ranar Alhamis da azahar wayar ta yi ƙara.

"Ummuna," ya ce, muryarsa cike da murna. "Hasken idona... albishirinki."

"Ka tuna lambata ke nan."

"Haba, kada ki yi mani haka. Aiki nake yi a kanmu. An gyara kome."

Ya ba ta labari da alfaharin mutumin da ya sasanta ƙauyuka biyu. Inna ta sauko, in ji shi. Ta ce in dai Baffa ya samu ƙahonsa jibi Asabar, ya ji sakayau, to mako mai zuwa a kai lefe. Kuma ba a yi watsi da maganar Ummu ba: tunda ta ce maganin ne ba ya jituwa da aska, sai aka dakatar da shi tun Asabar da ta wuce, don ya fita daga jiki. Mufida ce ta kawo dabarar. Har ma ta ce kada a bar Baffa haka kawai, a riƙa ba shi asfirin ɗin Inna, ai duk maganin tsinka jini ne.

Ummulkhairi ta ƙirga da yatsu. Kwana biyar.

"Yaya jikinsa?"

"Lafiya lau. Yau da safe ne dai kofin shayi ya suɓuce masa, maganarsa ta ɗan harɗe, amma ko minti goma ba a yi ba ya dawo daidai. Inna ta ce mataccen jinin ne ke damunsa, da an zuƙe shi..."

"Zayyanu."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Sa shi a mota yanzu. Ka kawo shi."

Sai ya fara abin da ya fi ƙwarewa a kai. Ya ce Baffa ba zai saurare shi ba, Inna za ta ce an sake zuga shi, jibi ma kamar yau ne, ranar Lahadi sai a mayar da maganin. Ta ce masa gudan jini ba ya duba kalanda. Abin da ya faru da safe ƙarami ne ya wuce, na bayansa ba a san girmansa ba.

"To zan zo da kaina," ta ce.

"Ummu, kada ki zo." Muryarsa ta yi ƙasa. "Inna ta rantse. In kin sake taka gidan nan kafin ɗaurin aure, babu auren. Ki bar mani, zan lallaɓa."

Ta san lallaɓawarsa. Mutum ne da zai lallaɓa gobara har ta cinye rumbu cikin mutunci.

Ta tsaya a bayan tagar tana kallon layin marasa lafiya. Tana son sa, wannan ba abin tambaya ba ne. Tana son yadda yake cire hula ya shafa kai in ya rasa abin faɗa, tana son ɗakin da ya shafe da shuɗin fenti don ta taɓa cewa shuɗi na burge ta. In ta zauna, mai yiwuwa kome ya tafi lafiya, a kai lefe, ta shiga ɗakin nan. Mai yiwuwa kuma a kai ta gidan da ake zaman makoki, ta rayu da sanin cewa ta sani.

Ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata tagar, ta ɗauki mayafi.

*

Ana fitowa daga sallar la'asar ta isa. Wannan karo ta yi kome bisa ƙa'ida: ta yi sallama, ta cire takalmi, ta durƙusa nesa da tabarmar Alhaji. Ƙa'ida ɗaya kawai ta karya, wato ta zuwan.

Hajiya ta miƙe tsaye. Mufida ta leƙo daga madafi da ludayi a hannu, fuskarta ɗauke da jin daɗin wadda aka kawo wa kyauta har gida.

"Na faɗi ko ban faɗi ba?" Hajiya ta ce wa Zayyanu. "Ka shaida, da ƙafarta ta zo."

"Na ji abin da aka ce, Inna," in ji Ummulkhairi. "Na yarda da hukuncin. Minti biyu nake roƙo, da Baffa zan yi magana."

Alhaji ya ɗaga hannu, matarsa ta yi shiru. Ummulkhairi ta faɗa masa a taƙaice. Ta ce zuciyarsa ba ta daina abin da take yi ba don an daina shan magani. Wafarin ne ke hana jinin da ke kwanciya a cikinta yin guda, asfirin ba ya iya wannan aikin. Kwana biyar sun isa maganin ya bar jikinsa. Abin da ya same shi da safe gargaɗi ne, kuma ba kowa ake yi wa sau biyu ba.

Mufida ta ce su ma an koya musu, ko aiki za a yi wa mutum ana dakatar da irin wannan magani. Ummulkhairi ta ce gaskiya ne, amma likita ne ke sa ranar tsayarwa da ta komawa, bayan ya auna ko aikin ya kai a ɗauki kasadar, ba a madafi ake yankewa ba.

Tsohon ya daɗe yana kallon ta. Wannan ne karo na farko da ya ga fuskarta sosai.

"Ɗiyata," ya ce. "Rannan kin ce in an tsaga ni, in mutu. Yau kin ce in ban sha magani ba, in mutu. Ke ba ki da wani labari sai na mutuwata?"

"Ina da shi, Baffa," ta ce. "An ce a dakata da shi, za a yi shawara."

Alhaji ya fashe da dariya.

Ɓarin bakinsa na dama ne kaɗai ya yi ta. Na hagu ya tsaya inda yake, kamar ba da shi ake ba. Ya so ya ƙara magana, kalmar ta fito a tauye. Hannunsa na hagu ya zame daga gwiwa ya faɗi a kan tabarma.

Ummulkhairi ba ta kalli kowa ba sai Zayyanu.

Ya ga abin da ta gani. Bai cire hula ba, bai shafa kai ba. Ya tsallake tabarmar, ya sa hannu ƙarƙashin hammatar mahaifinsa ya ɗaga shi.

"Ina za ka da shi?" Hajiya ta tare hanya. "A kira Bawa yanzu..."

"Inna, ki gafarce ni," ya ce. "Ki matsa."

Shekararsa talatin da ɗaya bai taɓa ce mata ta matsa ba. Mamaki ne ya matsar da ita. Ta bi su a guje da takalmi ɗaya, ta shiga bayan motar, ta rungume kan mijinta. Mufida ta ce ita za ta tsaya ta kula da tukunya.

A hanya Ummulkhairi tana gaba, ta juyo da rabin jikinta, tana sa tsohon faɗin sunayen gonakinsa ɗaya bayan ɗaya don ta ji harshensa. Ta hana a ba shi ruwa. Ta kira asibiti ta ce su shirya, ta faɗa musu minti nawa ke nan da farawar abin. Kafin su shiga Kalgo ya faɗi sunan gonar Kambaza sarai, har ya ƙara da cewa mai gadinta ɓarawo ne. Hajiya ta yi hamdala ta ce to ai ya warke, a juya. Zayyanu ya ƙara taka mota.

Hoton kai ya nuna babu zubar jini, babu sabon tabo mai girma. Gwajin jinin da ya kamata ya nuna tsakanin biyu da uku ya nuna ɗaya da ɗigo ɗaya, wato kamar wanda bai taɓa ganin maganin ba. Likitar, wata mata mai tabarau da ƙarancin lokaci, ta ce gudan ƙarami ne, ya narke da kansa, sau biyu a rana ɗaya. Ta ce za su kwantar da shi, su mayar da shi kan maganinsa, su riƙa auna jinin har ya koma inda ake so. Ta tambayi wanda ya ba da shawarar musanya shi da asfirin.

Hajiya ta ce shawarar gida ce.

Likitar ta ce asfirin magani ne mai kyau ga irin ciwon Hajiya, inda jijiya ke ƙuntata, ta ci gaba da shan abinta. Amma kada gida ya sake zama a kan maganin Alhaji. Ko ganyen zogale zai ƙara a cimarsa fiye da yadda ya saba, ko maganin ciwon jiki zai saya a kemis, ko haƙori za a cire masa, a fara tambaya.

Ummulkhairi ta fita baranda ta zauna a kan benci.  Ta lura ba ta ci kome ba tun safe, ta kuma lura cewa ta rasa aure amma numfashinta yana shiga har ƙasan ciki, abin da bai yi ba tun da azahar.

*

Ranar Asabar, wadda da ita ce ranar ƙahon, Alhaji ya aika a kira masa Goggo Maimuna. Yana kishingiɗe a gadon asibiti, bakinsa ya daidaita, yana ƙorafin cewa kunun asibiti ruwa ne aka nuna wa gero daga nesa. Ummulkhairi ba ta shiga ba. Tana bakin ƙofa, inda ya kamata a ce ta tsaya tun farko, kuma ƙofar ba ta rufuwa sosai.

Ya ce wa Goggo ta gaya wa mutanen Kalgo an gama shawara. Lefe na nan zuwa ranar Laraba, ranar ɗaurin aure kuma tana inda take.

"Alhaji, na yi rantsuwa," in ji Hajiya.

"Ki yi kaffara. Azumi uku ba ya kashe mutum."

"Sau biyu fa tana keta mu. Gaban wanzami, gaban kowa."

"Na ƙirga, Kubura. Da ta ji kunyata sau ɗaya, da yanzu kina takaba." Ya gyara matashin kai. "Masu jin kunyata sun cika gida. Ina son guda wadda ba ta ji."

Hajiya ta tashi. Da ta fito ta tarar da yarinyar a bakin ƙofa, ta tsaya, ta dube ta daga sama har ƙasa. Ba ta ba da haƙuri ba, don ba a san ta da wannan ba. Ta dai ce mayafin nan ya yi mata duhu, akwai wani ruwan zuma a cikin lefen, shi za ta sa ranar kamu. Ta wuce.

Zayyanu ya same ta a ƙarshen baranda, inda inuwar mangwaro ke faɗowa.

"Kin ji?"

"Ƙofar ba ta rufuwa."

"Ummuna..." Ya tsaya. "Ranar farko na bar ki ke kaɗai. Na ga Bawa ya zaro aska, kuma na san abin da kika gaya mani a taga. Na yi shiru don ina tsoron a ce na fi son ki a kansu."

"Ka fi so na a kansu?"

"Wannan tambayar tarko ce."

"Ita ce."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, sai dariyar tata ta juye kuka ba tare da ta nemi izini ba. Ta yi shi sosai, na mako biyu da ta tara, tana share hanci da bakin mayafi, shi kuma yana tsaye yana cewa yi haƙuri abar ƙaunata, yi haƙuri, yana hararar masu jinyar da suka rage tafiya don su ji.

An ɗaura auren a ranar da aka sa, bayan sallar Juma'a, a ƙofar gidan mahaifinta a Kalgo. Alhaji Atiku ya zo da ƙafarsa, ya karɓa wa ɗansa da bakinsa, kowace kalma ta fito cikakkiya. Mufida ta koma Malisa kwana biyu kafin bikin, saboda wani ciwon kai da ta gano wa kanta.

Ummulkhairi tana cikin ɗaki tsakanin ƙawaye lokacin da maroƙi ya ɗaga murya a waje ya ce an ɗaura. Mata suka rangaɗa guɗa. Goggo Maimuna ta kutso ta cikinsu, ta kama kafaɗunta, ta ce yanzu tunda an gama, tana roƙon ta abu ɗaya saboda Allah: in an kai ta Gwandu anjima, ta daure ta yi shiru ko na kwana bakwai ne.

"Zan gwada, Goggo," ta ce.